Komai Nisan Jifa: Raddi Ga Masu Yi Wa Bindiga Kwalliya A Zango

Wata sabuwar hira ta shigo majalisun ataya na Nima da Maamobi, kuma ni dai ba ta kwanta mini ba. A da in samari sun zauna, musun ƙwallo ake yi, ko na babur, ko kuwa wane ya samu bizar Jamus wane an hana shi. Yanzu sai ka ji ana musun ƙaramar bindiga: wacce ta fi laushin kunama, wacce aka ɗora wa gilashin saiti mai jan ɗigo, wacce aka yi wa ƙari a baki don kada ta zabura. Ana miƙa waya hannu zuwa hannu, ana kallon Turawa da mutanen Filifin suna gudu a filin gasa suna kakkaɓe farantan ƙarfe cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ka ɗaga gira, amsa ɗaya ce a bakin kowa: “Ai wasa ne, Malam, duk duniya ana yi.”

Na ji wannan amsa a layin wayar shirina na rediyo har na ƙoshi. Yau zan mayar da martani a rubuce, inda babu mai katse ni da talla. Gaskiya ne wasa ne, gaskiya ne kuma ana yi. Sai dai wanda ya kalli bidiyon minti ɗaya idonsa na kan bindiga, bai lura da mutumin da ke tsaye bayan kafaɗar maharbin riƙe da agogo ba. Wannan mutumin shi ne alƙalin fili, kuma shi ke riƙe da wasan gaba ɗayansa. Matsayina ke nan, kuma ba zan lanƙwasa shi don kowa ba: duk gyaran da aka yi wa bindiga a inda babu fili, babu alƙali, babu takardar hukuma, gaggauta jana'iza ne kawai.

Tun da da sunan wasan ake kafa mana hujja, bari mu buɗe wasan mu ga cikinsa. Ƙungiyar da ke jagorantarsa a duniya, IPSC, an kafa ta ne a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ta Amurka, kuma Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka, shi ne shugabanta na farko. Abu uku ta ɗora wasan a kai: dacewar saiti, ƙarfin harsashi, da sauri. Ana shirya fili da allunan kwali da farantan ƙarfe, maharbi ya bi yana harbi, sannan a raba makin da ya samu da yawan daƙiƙoƙin da ya ɓata. Tsakiyar allo maki 5 ne. In ka kuskure allo a cire maka 10. Akwai kuma allunan da aka hana taɓawa, ana jera su dab da na harbi da gangan, wanda duk ya huda ɗaya a sake cire masa 10. Wato tun daga lissafin maki, wasan yana koya wa mutum cewa harsashin da ya tafi inda ba a aike shi ba ya fi wanda ya dace tsada har ninki biyu. Afirka ma ba baƙuwa ba ce a nan, domin Afirka ta Kudu ta karɓi gasar duniya a 1979 da kuma 2002.

To, mene ne gyaran da samarinmu ke haɗiyar yawu a kansa? Abubuwa ne sanannu. Ana rage nauyin kunama, yadda ɗan taɓi kaɗan zai tayar da harbi. Ana ɗora gilashi mai nuna jan ɗigo a kan abin da aka auna, don ido ya huta da daidaita saitin gaba da na baya. Ana ƙara wani ƙarfe mai huji-huji a bakin bindiga, wanda ke fitar da iskar harbi sama don bakin ya rage ɗagawa. Ana faɗaɗa ƙofar gidan harsashi kamar mazurari don canji ya yi sauri. Ana canza sifirin ya dace da ƙarfin harsashin da maharbi ya zaɓa, a kuma kaushasa mariƙi saboda gumi. Bindigogin da suka yi suna a wannan fage, irin su CZ ta ƙasar Cek da Tanfoglio ta Italiya, wadda aka gama yi wa irin wannan hidima takan ci dubban daloli. Duk wannan kuɗi da wahala abin da suke sayo wa mutum shi ne ɗan gutsuren daƙiƙa.

Abin da mai bidiyo ba ya faɗa shi ne kowane gyara yana da farashi na biyu, kuma da aminci ake biyansa. Kamfani ya sa wa kunama nauyi ne don ta zama shinge tsakanin tsoro da harbi, tsakanin tuntuɓe da kisa. Bindigar gasa da aka sauke kunamarta zuwa kilo ɗaya ko ƙasa da haka, wannan shingen aka rushe mata. A filin gasa an yarda da haka saboda an gina wasu shingaye goma a madadinsa. A aljihun wando fa, cikin turereniyar kasuwar Nima ranar Laraba, ko a kan babur cikin ayarin kai amarya, me ya maye gurbin shingen? Gyaran sifirin da bai dace ba yakan sa bindiga ta cije, kuma wanda bindigarsa ta cije a tsakiyar taro abin da yakan fara yi shi ne ya juyo da ita yana dubawa, bakinta na shawagi a kan cikkunan mutane. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Masu wasan da kansu ba su sakar wa gyara linzami ba. Sun kasa bindigogi rukuni-rukuni. Akwai rukunin da aka buɗe ƙofa, kowa ya ƙawata tasa. Akwai wanda dole bindigar ta shige cikin akwati mai tsawon milimita 225, faɗin 150, zurfin 45, in ta ƙi shiga ba ta cikin rukunin. Akwai kuma rukunin bindigar kanti, wadda ake so ta zauna kusan yadda ta fito daga masana'anta, harsashi 15 kacal a gida, kuma ana auna nauyin kunamarta, ma'aunin da aka fi sani shi ne kilo 2.27 a harbin farko. Harsashin ma ba a ɗaukar maganar mai shi, sai an ɗebi samfuri an auna nauyinsa da gudunsa a na'ura. Mutanen da suka fi kowa sanin bindiga a duniya ba su yarda da “ai na san hannuna” ba, sun ce a kawo ma'auni.

Sai dokokin kora, waɗanda nake so kowane saurayin Zango ya haddace kafin ya sake cewa wasa ne. A filin gasa bindiga babu harsashi take wuni, ba ka da ikon ɗura ta sai alƙali ya ba ka umarni. In bakinta ya juyo ya wuce iyakar da aka shata zuwa ɓangaren 'yan kallo, an kore ka daga gasar. In yatsanka ya shiga wurin kunama kana canza gidan harsashi, an kore ka. In bakin bindiga ya gifta ta kan hannunka ko ƙafarka, an kore ka. In ta suɓuce ta faɗi, ko ta tashi ba da nufinka ba, ko an same ka da maye, ka tattara kayanka, ko da daga wata nahiya ka biya kuɗin jirgi. Bayan ka gama harbi sai ka cire harsashi, ka nuna wa alƙali cikinta fayau, ka mayar da ita kube, kafin a bar kowa ya taka filin. Yanzu a ɗauki waɗannan dokoki a je da su bikin aure ɗaya a Maamobi inda ake harbin murna. Wa zai kai minti biyu ba a kore shi ba?

Ga masu ganin sirrin yana cikin ƙarfe, tarihin wasan ya riga ya ba su amsa. Eric Grauffel, ɗan Faransa, ya ci gasar duniya sau biyar a jere daga 1999 zuwa 2011 a rukunin bindigogin da aka ƙawata. A 2014, a jihar Florida ta Amurka, ya sauko rukunin bindigar kanti, inda aka ɗaure hannun masu gyara, ya sake cinyewa. An karɓe masa gilashi, an karɓe masa ƙarin baki, hannun da horon shekaru ba su karɓu ba. Saurayin da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ko sau ɗaya ba, amma yana lissafin kuɗin jan ɗigo, kamar wanda bai iya hawa ba ne yake cinikin sirdin azurfa.

Mu dawo gida mu dubi filin da muke da shi. Lungunanmu na Nima wasu ko mutum biyu ba sa jerawa. Gida na jingine da gida, rufin kwano ne, yara na kwana a tsakar gida lokacin zafi, mata na tuyar ƙosai a bakin hanya. A filin gasa akwai tudun ƙasa da aka tara a bayan alluna don ya haɗiye harsashi. A nan Zango tudun da ke bayan kowane harbi ɗakin wani ne. Mai harbi sama kuwa, Bahaushe ya gama masa magana tun kafin a haife shi: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Harsashin da aka cilla a karkace yakan sauko da ƙarfin da zai huda kwano ya huda kai, kuma ba ya tambayar wanda aka gayyata biki da wanda ke wucewa sayen koko.

Ba tatsuniya nake yi ba. A Sallar layya ta 2021, a unguwar Aboabo ta Kumasi, harbin murna ya kashe wani yaro matashi cikin taron shagalin Sallah. A watan Janairun 2022 gungun samari biyu suka yi artabu da bindigogi da adduna da rana tsaka tsakanin Nima da Maamobi, bidiyon ya zaga ƙasa, mu kuma muka kwashi kunyar. Duk ɗan Zangon da ya je neman aiki a Ankara ya rubuta Nima a matsayin adireshinsa ya san irin kallon da ake masa bayan irin wannan rana. Shekaru muna faɗa da wannan tambari da aka manna mana, muna nuna wa duniya malamanmu da likitocinmu da 'yan ƙwallonmu, sai mutum ɗaya ya ɗaga fistol a gaban kyamara ya rushe aikin dubu.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma da ladabi zan amsa musu. Za su ce harbi a biki al'ada ce, sun taso sun tarar. Haka ne, iyayena. Amma al'adar da kuka tarar tana da shugaba. 'Yan bindigar sarki da ke tashin albarushi a hawan Daushe a Kano ƙungiya ce mai jagora, an san su, an san inda suke tsayawa da lokacin da suke harbi. Mayaƙan gargajiya na Dagbon da ke harbi a bikin Damba da jana'izar manya su ma a ƙarƙashin shugabanninsu suke. Abin da ake ɗurawa a irin wannan harbi albarushi ne don ƙara da hayaƙi, kuma duk da haka akan ji rauni. Ina haɗin wannan da yaro ɗan shekara ashirin da ya ciro bindigar zamani mai harsashi na gaske, hannu ɗaya na riƙe da waya yana ɗaukar kansa? An ajiye shugaban, an ajiye tsarin, an ɗauki ƙarar kaɗai, sannan aka rataya mata sunan al'ada. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa ko da wasa ba a nuna ɗan'uwa da makami.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo bayan ɓarna. Kafin a wanke gawa an fara zarya: a rufa asiri, ɗan gidan wane ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ana tura manya su je su ba da haƙuri, a roƙi iyayen mamaci su janye ƙara, a ce musu duk ɗaya muke. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Sai dai wanda ya ɗura bindiga da hannunsa, ya shigo da ita taro da ƙafarsa, ya ja kunama da yatsansa, bai kamata ya sami mafaka a bayan wannan kalma ba. Alƙalin filin gasa yana korar mutum tun kan kuskuren da bai taɓa kowa ba, shi ya sa ba kasafai ake kaiwa ga jini ba. Mu kuwa muna yafe wanda ya zubar da jini, shi ya sa na gaba ba ya jin tsoro.

Hukuma ma ba za ta fita daga wannan rubutu da farar riga ba. Dokokin makamai da Ghana ke aiki da su tushensu na 1962 ne da 1972. Ta 1972 ɗin ta hana nuna makami ko harba shi a bainar jama'a ba tare da izini ba, lasisi kuma duk shekara ake sabunta shi. A 2006 ƙasashen ECOWAS sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja, a 2007 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa. Takardu dai ga su nan jibge. Amma binciken da cibiyar Kofi Annan ta horar da dakarun zaman lafiya ta gudanar a 2014 ya ƙiyasta bindigogi miliyan 2.3 a hannun farar hula, kusan miliyan 1.2 ne kawai ke da rajista. Sauran fa? Kuma mutumin da aka ba lasisi, wa ya tsaya a bayan kafaɗarsa ya ga yadda yake riƙe ta kafin a buga masa hatimi? Mai neman lasisin mota sai ya tuƙa a gaban jami'i. Abin da aka ƙera don kisa bai kamata ya fi mota sauƙin samu ba.

Haka batun maƙera. Kowa ya san sunan da Alavanyo ta yi a ƙirar bindiga, kowa ya san irin hannun da ke Suame ta Kumasi, kuma Farfesa Kwesi Aning ya yi rubutu kan wannan sana'a ta ɓoye tun 2005. Doka ta haramta ƙira ba tare da izini ba, ƙirar kuwa ba ta tsaya ba, ta dai koma bayan gida, inda ba lamba, ba rajista, ba wanda ke gwada ƙarfin bututu. A ƙasashen da ake wannan gasa, mai gyaran bindiga sana'arsa a fili take, da lasisi da littafin da yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A nan saurayi zai kwaso hoton intanet ya kai wa wanda ke aiki a ɓoye ya ce a yi masa irin wannan. In ta fashe a hannunsa ko ta tashi a cikin taro, ba wanda za a tambaya. Ministan cikin gida tun 2025, Alhaji Muntaka Mohammed Mubarak, ɗan majalisar Asawase ne, ya san Zango ciki da bai. Ba ya buƙatar a fassara masa wannan matsala, aiki muke jira.

Kada wani ya ce na tsani wasan. In da gaske samarinmu harbin gwaninta suke so, hanya a buɗe take, sai dai daga ƙasa ake faro ta. A gasar Olamfik akwai harbin ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10, da ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, kuma ko a nan sai an auna kunama, ba ta sauka ƙasa da giram 500. Ɗaki mai tsawo da bango mai kauri ya isa a fara, bisa izinin hukuma. Asusun raya Zango da aka kafa da dokar 2017 an ɗora masa har da harkar wasanni. Tsofaffin sojoji da 'yan sanda kuwa ba mu rasa su ba, unguwar da kakanninta suka cika rundunar tsaron Gold Coast tun ƙarni na 19 ba za ta rasa wanda zai tsaya a matsayin alƙali ba. A yi ƙungiya mai rajista, makami ya kwana a ma'ajiya, yaro ya shekara yana koyon inda ake ajiye yatsa. Wanda ya jure wannan, shi ne ɗan wasa. Wanda ya ce ya yi masa tsawo, dama can kallo yake nema.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Sarakunan Zango da limamai su yanke magana ɗaya: bikin da aka yi harbi, liman ya tashi, sarki ya tashi, maroƙi ya kashe lasifika. Uwar amarya ta faɗa wa dangin ango tun ranar sa rana cewa 'yarta ba za ta fita ƙarƙashin harsashi ba. Shugabannin majalisun ataya su hana kowa zama da makami a kan bencinsu. Mu kuma 'yan rediyo mu daina yi wa masu harbi kirari a sanarwar biki. Wanda ya harba a kai shi ofishin 'yan sanda tun ranar da bai sami kowa ba, kada a jira ranar da zai samu.

Ƙannena na Nima da Maamobi, ku da kuka ce duk duniya ana yi, na karɓi hujjarku, sai dai ku ɗauke ta duka. Ku ɗauki ma'auni, ku ɗauki tudun ƙasa, ku ɗauki alƙalin da zai kore ku ba tare da duba ɗan gidan wa kuke ba. In ba za ku iya ɗaukar waɗannan ba, ku bar kunama da nauyinta, ku bar bindiga inda doka ta ce ta zauna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kare mana Zango, ya raba mu da ranar da-na-sani.